Firizar Ƙulu da Cinikin Sha Shida

Ƙulu ta sauka Libreville, babban birnin Gabon, wata Laraba a watan Oktoba na 2005, da akwati ɗaya da rabin buhun zoɓo da mahaifiyarta ta ɗaure mata tun daga Dambatta. Mijinta Malam Jika, wanda ya riga ta zuwa da shekara shida, shi ya zo tarbarta. Kafin su kai gida ta gama sanin halin garin da halin mijin, duka a bakin titi ɗaya.

A garin nan ba a shiga tasi haka kawai. Mutum zai tsaya, mota ta rage gudu, ya leƙa ya faɗi inda za shi da abin da zai biya. In direba ya yarda sai ya danna oda sau ɗaya, a shiga. In bai yarda ba ko kallonka ba zai yi ba, zai ƙara wuta ya bar ka da hayaƙi. Malam Jika ya sha hayaƙin motoci goma sha huɗu a ranar, Ƙulu na tsaye cikin rana da akwati a ka tana ƙirgawa. Ta goma sha biyar ce ta danna oda, wata mota da aka ɗaure ƙofarta da igiya. Da suka zauna ya juyo ya dube ta da fuskar wanda ya ci gari da yaƙi.

"Kin gani? Sefa ɗari biyu na rage. Ki riƙe wannan, Ƙulu: duk lambar da aka faɗa miki a duniyar nan, ta gaskiyar tana ƙasa."

Ta riƙe kuwa. Ko ba ta so ba, a shekara goma sha takwas da suka biyo baya an yi mata tilawar wannan karatu kusan kullum.

Shagon Malam Jika na gefen kasuwar Mont-Bouët, inda yake sayar da akwatuna da takalman roba. Mutum ne mai sallah a kan lokaci, ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya zagi. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: bai taɓa jin lamba ya bar ta yadda ya same ta ba. Ya yi ciniki da wanzami, ya yi da mai kantin magani inda farashi ke manne a jikin kwali. 'Yan kasuwa na kiransa Alhaji, ko da yake Makka bai je ba tukuna, don har yau ba su daidaita da masu jirgi ba. Wata shekara likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau sha bakwai. Malam Jika ya ce, "Haba likita, a duba mana dai, a rage." Aka ba shi ƙwayoyi, bayan wata biyu jini ya sauko sha uku. Shi ke nan magana ta tabbata: har likitoci ma, in ka tsaya tsayin daka, suna ragewa.

Ƙulu ba mai jayayya ba ce, mai lura ce. Ta lura garin zafi ne, zafi mai ɗanshi wanda ke jiƙa riga kafin a gama sa ta, ta kuma lura 'yan garin na son zoɓo, sai dai su bisap suke ce masa. Ta fara da kular aro, tana sayen ƙanƙara a hannun wasu. A 2011, da kwasar adashenta ta zo, ta je ta sayi firiza irin ta kwance, fara, mai ɗan lotsewa a gefen hagu. Ba ta gaya wa Malam ranar da za ta saya ba, don tana so a gama sayen a cikin shekarar.

Firizar na zaune a barandar gidansu a Nkembo, an lulluɓe ta da tsohuwar atamfa. A cikinta akwai ƙanƙara a leda, da zoɓo, da lemon citta, da kunun aya wanda babu mai yin irinsa a unguwar, don da dabino da kwakwa take markaɗa shi kamar yadda ake yi a gidansu. Da firizar nan ta biya wa 'yarta Nazira kuɗin koyon ɗinki har ta aurar da ita, da ita ta sa wa ɗakin mahaifiyarta kwano a Dambatta, da ita take aika wa ɗanta Taufiƙ ɗan abin kashewa a makaranta a Kano. Shekara goma sha uku ba ta taɓa cewa Malam ya ba ta kuɗin zani ba. Shi kuma yana yaba mata ƙwarai, musamman a wannan fannin.

Sai aka shiga Janairun 2024, wani gidan abinci a unguwar Louis ya rufe, aka sa kayansa a kasuwa, ciki har da na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa a nan ke kira kilim. Malam Jika bai taɓa cewa zafi na damunsa ba. Abin da ke damunsa shi ne a ce ana sayar da abu da araha a gari shi bai je ba. Kwana goma sha ɗaya yana zirga-zirga tsakanin Nkembo da Louis, har mai kayan ya sallama masa don ya huta da ganin fuskarsa. Ranar Asabar 13 ga wata, Aliou mai gyaran firij, wani ɗan Ngaoundéré mai sanyin murya da ke da rumfa a Akébé, ya zo ya kafa ta a falo. Ya kunna, ya miƙa wa Malam rimot.

"Alhaji, na sa ta a ashirin da huɗu. A bar ta nan, ya isa."

Malam Jika ya yi masa godiya, ya raka shi ƙofa. Da ya dawo ya tsaya yana kallon lambar da ke haske a jikin na'urar, irin kallon da yake wa mai tumatir.

"Ashirin da huɗu," ya ce. "Wato ya ga baƙo."

Ya danna maɓallin ƙasa. Na'ura ta yi ɗan ƙara, tit, lamba ta koma ashirin da uku.

"Kin ji? Ta danna oda. Ta yarda."

Ya sake dannawa. Tit. Ya sake. Tit. Ƙulu na bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu tana kallon mijinta yana samun abin da bai taɓa samu ba a rayuwarsa, abokin ciniki mai yarda da duk abin da aka taya. Ashirin, sha tara, sha takwas, sha bakwai, sha shida. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya juya baya kamar zai tafi, ya waiwayo da sauri ya danna. Shiru.

"To, nan ne ƙarshenta," ya ce, ya ajiye rimot a aljihun gaba. "Takwas na rage mata. Da na biye wa yaron nan da wutar ashirin da huɗu za ta riƙa sha mana."

Daga ranar gidan Malam Jika ya fita daga ƙasar Gabon. Ƙulu ta zazzage akwati ta ciro bargon da ta zo da shi daga Dambatta, wanda bai taɓa ganin amfani ba. Man gyaɗa ya fara daskarewa a kwalba. Malam ya kamu da mura, ya sayi rigar sanyi a gwanjo, ya zama mutum ɗaya tilo a Nkembo da ke shan shayi da safar hannu a watan Fabrairu. Ba ya kashe na'urar in zai fita, don a cewarsa abin da ke kan sha shida ai kusan kyauta yake aiki. Ƙofar falo kuma a buɗe yake barinta, saboda maƙwabta masu wucewa su ɗan samu albarkar sanyi, su kuma san daga inda albarkar ta fito.

Mitar gidan irin ta kati ce, sai ka saya ka loda, in yunit ya ƙare wuta ta ɗauke ko da tsakar rana ce. A da, wutar sefa dubu goma na kai su kusan mako biyu. Yanzu kwana uku take yi, wani lokacin da ɗan rabin yini a kai don kunya. Ƙulu ta gwada magana sau ɗaya, bayan ta kawo masa abinci.

"Malam, anya ba kilim ɗin nan ba ce ke shan wutar?"

Ya ajiye cokali, ya dube ta da tausayi.

"Ƙulu, sha shida da ashirin da huɗu, wanne ya fi yawa?"

"Ashirin da huɗu."

"To, alhamdu lillahi. Zubo miya."

Ranar Asabar 24 ga Fabrairu ta tafi suna Akébé tun da hantsi. Ta bar kwalba sittin na kunun aya a firiza, na wani mai walima da zai karɓa washegari. Wuta ta ƙare bayan fitarta kaɗan. Malam na shago. Da ta dawo gab da magariba ta ɗaga murfin, tsamin da ya buge ta ya isa ya gaya mata komai. Kunun aya ba ya haƙuri da zafi ko na yini ɗaya. Ta kwashe kwalaben ta tuttular a kwata ɗaya bayan ɗaya, dabino da kwakwa da aikin kwana biyu suna bin rariya.

Malam Jika ya jajanta mata da gaske. Ya kwana biyu yana nazari, ranar Litinin da safe ya fito da hukunci.

"Na gano ɓarawon. Wannan akwatin naki ne. Dubi girmansa, mutum biyu za su kwanta a ciki. Ita kilim 'yar mitsitsiya ce a bango, kuma na riga na karya mata farashi. Firiza taki ce, da kuɗinki kika saya, ba zan sayar miki da ita ba. Amma ba za ta ƙara shan wuta a mitata ba. Ki cire ta."

"Malam, saura mako biyu azumi."

"Shi ya sa. Azumi da tsadar wuta ba sa haɗuwa."

Ta tsaya tana kallon atamfar da ke kan firizar. Watan azumi shi ne kakarta. Abin da take samu a kwana talatin ɗin nan ya fi na wata huɗu, kuma tuni masallatai biyu suka yi mata maganar zoɓon buɗa-baki. In babu firiza babu ko ɗaya. Kuma mai ciniki in ya koma wani gida a watan azumi, ba ya dawowa bayan sallah.

Ta cire filogin da hannunta. Kayan da suka rage ta kwashe zuwa gidan maƙwabciyarta Sajida, 'yar Maroua, wadda ke aikin shara a wani ofis a Louis tana kuma da ƙaramar firiza.

"Yaya Ƙulu, kwana uku zan iya ba ki wuri, ko huɗu," in ji Sajida. "Ni ma zan zuba naman azumi. Amma tsaya, sha shida kika ce? A ofis ɗinmu takarda aka manna a bango, duk wanda ya sauko da ita ƙasa da ashirin da biyar sai ya yi bayani. Turawan ma da aka haifa cikin ƙanƙara ba sa kai ta sha shida. Malam kifi yake son ya zama?"

"Ciniki ya yi."

"Da wa?"

"Da ita."

Sajida ta riƙe haɓa.

Kwana ukun nan Ƙulu ta riƙa duba mita kowace safiya bayan ta idar da sallah, tana rubuta abin da ta gani a bayan kalanda. A lissafin katin da suke saye, da firiza gidan na cin yunit ashirin da bakwai a yini. Babu firiza, ashirin da biyar. Ranar Alhamis ta kai wa Malam kalandar ta ajiye a gefen shayinsa.

Ya duba, ya sake dubawa, ya ja majina.

"To, ai ga shi. Biyu ta rage."

"Sauran ashirin da biyar ɗin fa?"

"Wani ne ya jona mana waya ta bayan gida. Garin nan ba tsoron Allah. Firiza dai ta zauna yadda take sai an kama shi. Biyun ma kuɗi ne."

A nan ne Ƙulu ta daina sa ran lissafi zai cece ta. Ta ce to, tunda ɓarawo ne, a kira Aliou ya bi wayoyin ya nemo shi. Malam ya ce wannan shawara ce mai kyau, dama yana shirin kawo ta.

Ranar Juma'a da safe ta shiga tasi, a farashin farko da ta faɗa, ta nufi Akébé. Ta sami Aliou a rumfarsa tsakanin matattun firij, kansa cikin wata injin wanki. Suka gaisa, ta zauna a kan benci ta kwashe labari ta gaya masa.

"Hajiya, ai tun ranar na faɗa masa," in ji Aliou yana goge hannu. "Ashirin da huɗu, ashirin da biyar. Lambar nan ba kuɗi ba ce, sanyin da ake nema ne. In ka ce sha shida, injin ba zai huta ba sai ɗaki ya kai sha shida, kuma a garin nan ba zai kai ba har abada."

"Nan ka yi kuskure. Ka fara da gaskiya."

"To da me zan fara?"

"Rimot ɗin nan, nawa ne ƙarshensa ta sama?"

"Talatin."

"Daga nan za ka fara."

Aliou ya zaro ido. "Hajiya, talatin ai babu sanyi, fanka ce kawai. Ƙarya zan yi wa dattijo?"

"Shekararka nawa a garin nan, Aliou, ba ka taɓa sayen albasa ba? Wannan ba ƙarya ba ce, ciniki ne. Ka ce talatin, ka tsuke fuska. In ya taya ka ce albarka. Kana saukowa ɗaya-ɗaya kamar ana cire maka haƙori. Ashirin da biyar ce uwar kuɗinka, kada ka wuce ta ko zai yi kuka. Kuma ƙofa a rufe, in zai fita a kashe. Waɗannan kada ka roƙe shi, ka sa su cikin sharaɗin sallamawa."

"In ya yarda da talatin ɗin fa?"

Ƙulu ta yi dariyar da ba ta yi ba tun ranar da kunu ya bi kwata, har sai da ta share ido da bakin mayafi.

Aliou ya zo ranar Asabar 2 ga Maris bayan la'asar. Ya bi wayoyi daga mita har bayan gida, Malam na biye da shi cikin rigar sanyi yana nuna masa gidajen da yake zargi. Babu ɓarawo. Sai Aliou ya tsayar da shi gaban mita, ya nuna masa 'yar jar fitilar da ke ƙiftawa.

"Alhaji, duk ƙiftawa ɗaya, wuta ce ta tafi. Duba yadda take yi."

Tana yi kamar idon wanda barkono ya faɗa wa. Aliou ya ce Hajiya ta kashe kilim. Ƙulu ta kashe ta daga makunnin bango. Fitilar ta ƙifta, ta yi dogon tunani, sannan ta sake ƙiftawa.

Malam Jika ya daɗe yana kallo.

"Wato lalatacciya ka kafa mini."

"Lafiyarta ƙalau, Alhaji. Aiki ne ya yi mata yawa. An ce ta kai falo sha shida, ga ƙofa a buɗe. Nkembo gaba ɗaya take ƙoƙarin sanyayawa, har da masu gasa kifi na bakin titi. Mako bakwai ba ta huta ba. In aka ci gaba haka injin zai ƙone kafin sallah."

Kalmar ƙonewa ta shiga inda lissafi bai shiga ba, don kwana goma sha ɗaya na zirga-zirga ba abin wasa ba ne. Suka koma falo. Malam ya zauna, ya gyara hula, ya ciro rimot ya ajiye a tsakiyar tebur.

"To. Nawa za ka bar mini ita?"

Aliou ya saci kallon ƙofar kicin. Ƙulu na tsaye tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

"Talatin, Alhaji."

"Talatin! La'ilaha illallahu. Aliou, ni ne fa. Ni na kawo maka aikin nan. Sha bakwai."

"A... albarka."

"Sha takwas, don darajar iyayenka."

"Albarka, Alhaji. Ashirin da tara, shi ma don kai ne."

"Ka ji yaro! A Kano sha takwas ake sa ta, ka tambayi kowa."

"Kano daban, Alhaji, can babu teku. Ashirin da takwas. Wallahi in na sauka ƙasa da haka injin ne zai biya."

Ƙulu ta lura muryar Aliou ta fara ƙarfi. Ashe kowa na da ɗan kasuwa a cikinsa, jira yake a taɓa shi. Malam ya hau ashirin, Aliou ya sauko ashirin da bakwai, aka tsaya. Malam ya kawo maganar zumuncin Najeriya da Kamaru. Aliou ya kawo maganar tsadar gas ɗin injin. Malam ya ce ashirin da biyu, bakinsa ke nan. Aliou ya girgiza kai yana kallon silin.

Sai Malam Jika ya yi abin da yake yi wa kowane mai kaya in ciniki ya cije. Ya miƙe, ya ce, "To shi ke nan, a bar shi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ya sa takalmi, ya fice daga falonsa, ya bi ta gaban firiza, ya nufi ƙofar gida yana tafiya a hankali, kunne a baya.

Aliou ya daskare. "Hajiya, ina za shi? Gidansa ne fa."

"Bar shi ya kai bakin ƙofa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Yauwa. Yanzu kira shi."

"Alhaji! Dawo mana, ba a haka. Kawo ashirin da shida."

Malam ya dawo da saurin da bai tafi da shi ba.

"Ashirin da huɗu."

"Ashirin da biyar, Alhaji, kuma da sharaɗi. Ƙofa a rufe. In za a fita a kashe. In ba haka ba, wallahi talatin ɗina na nan."

Malam ya auna nasararsa. Biyar cif daga bakin mai sana'a.

"Ka sallama?"

"Na sallama."

Suka yi musabaha. Aka kunna kilim, Malam da kansa ya ɗauki rimot ya hau dannawa sama, tit, tit, tit, sau tara, fuskarsa a ɗaure kamar mai biyan haraji. Da ya kai ashirin da biyar ya ajiye ya ce, "Saura gyara. Ba a ciniki babu gyara." Aliou ya buɗe murfin na'urar ya ciro ragar tace iska, wadda ƙurar gidan abincin Louis ke manne da ita har da maiƙo, ya wanke ta a famfo kyauta.

Ƙulu ta jira har Malam ya kishingiɗa yana murmushi shi kaɗai, sannan ta kawo masa ruwa.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Yaron nan ya zo da taurin kai."

"Ai ya gamu da daidai shi."

"Tunda an samu sauƙi, ko a jona firizar a gwada?"

Ya kaɗa hannu irin na masu kyauta. "A jona. Mako ɗaya. In mita ta yi gardama, a cire."

Ta jona kafin ya rufe baki. Firizar ta yi ɗan tari, ta kama gurnaninta na kullum. Can bayan ɗan lokaci injin kilim da ke waje ya yi shiru da kansa, karo na farko tun Janairu. Malam ya zabura ya ce ta lalace. Aliou ya ce hutawa take, ɗaki ya kai inda aka ce ya kai.

Mita ba ta yi gardama ba. Bayan kalanda ya nuna sha huɗu ranar Lahadi, sha uku ranar Litinin, sha huɗu, sha huɗu, sha biyar ranar da Malam ya manta ƙofa, da firiza da komai. Bargo ya koma akwati. Mura ta tafi. Ranar Asabar Malam ya duba kalandar, ya ce dama ya san ragar nan ce, shi ya sa ya nace sai an ba shi gyara. Maganar cire firiza ba ta sake tasowa ba, kuma Ƙulu ba ta tuna masa ba. A gefen Mont-Bouët kuwa, babu mai shagon da bai ji labarin yadda wani mai gyara ya zo da talatin aka sauke shi zuwa ashirin da biyar ba. Wasu har sun ji sau uku, kuma a na ukun Aliou ya fita yana hawaye.

Ranar farko ta azumi, kafin la'asar firizar ta cika har murfi na ƙin rufuwa, kafin magariba ta koma rabi. Masallatan biyu sun aiko an ɗauki zoɓonsu. Ƙulu ta ware kunun aya mafi kauri, ta jera kwalba takwas a kan tire a baranda, daidai inda Malam zai wuce in ya dawo daga shago.

Ya wuce, ya dawo da baya.

"Wannan fa?"

"Na Aliou ne, na buɗa-baki."

"Takwas? Don wanke raga? Haba Ƙulu. Uku."

"Malam, mutum ya bar rumfarsa ya zo. Bakwai."

"Huɗu."

"Shida dai."

"Biyar, bakina ke nan."

Ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauke uku ta mayar cikin firiza. Ledar da ta tanada tun da safe dama ta kwalba biyar ce.